Ganye a Cikin Dutse: Kwal ɗin Anu Araren da Tambayar Shekarun Ƙasa

  

Akwai tambayar da take yawan zo mana daga ɗalibanmu, musamman waɗanda suke zuwa lakwal da safe su zo makarantar Islamiyya da marece. Malamin kimiyya ya gaya musu cewa gawayin ƙasa da ake haƙowa a jihar Agadas asalinsa itatuwa ne da suka rayu shekara fiye da miliyan 300 da suka wuce, har ana samun hoton ganyensu a jikin dutse. Sun dawo gida, wani babba ya ce musu duk wanda ya yarda da wannan lissafi ya ƙaryata Alƙur'ani, domin wai shekarun duniya dubu bakwai ne. To, yaro ɗan shekara goma sha biyar ya shiga tsaka mai wuya. In ya rubuta amsar a jarabawa yana jin kamar ya taɓa imaninsa, in ya ƙi rubutawa ya faɗi. Mafi muni shi ne wanda ya yi shiru, ya ƙudurta a ransa cewa addini da hankali ba sa zama wuri ɗaya. Saboda irin wannan yaro muka ware wannan fitowa ga mas'alar, kuma muna roƙon iyaye su karanta tare da ƴaƴansu.

Mu fara da abin da ido yake gani.

A Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa da birnin Agadas, akwai mahaƙar kwal wadda kamfanin SONICHAR yake tafiyarwa. An kafa kamfanin a 1975, tashar lantarkinsa kuma ta fara aiki a farkon shekarun 1980. Da wannan kwal ake ƙona wutar da ke ba da kuran ga Arlit da Agadas da Cirozerin. Haƙar a fili ake yin ta, wato ana yaye ƙasar sama har a kai ga baƙar jijiyar. Wanda ya tsaya bakin irin wannan rami zai ga bangonsa hawa-hawa ne: ga dutsen yashi, ga dutsen laka mai launin toka, ga baƙin layin kwal, sai kuma wani dutsen a ƙarƙashinsa. Masu ginar rijiya a garuruwanmu sun san wannan tun kaka da kakanni. Sun san bayan jar ƙasa za a tarar da marmara, bayan ta yumɓu, bayan shi rairayi mai ruwa, kuma ba su taɓa tunanin cewa na sama ya riga na ƙasa zuwa ba.

A cikin dutsen laka da ke rufe da kwal, a ko'ina cikin duniya, in aka fasa shi ta kwance sai ya rabe kamar shafukan littafi, kuma sau da yawa sai a ga ganye kwance a ciki, baƙi ƙirin, da jijiyoyinsa a fili. Wani lokaci ɓawon itace ne da zanensa, wani lokaci saiwa. Wannan shi Larabawan yau ke kira uhfura, jam'i ahafir, daga kalmar hafara, wato ya haƙa. A lakwal ana cewa fosil. Kwal ɗin kansa a Larabci al-fahmul hajari ne, gawayin dutse, don a bambanta shi da gawayin itace da matanmu ke saye a kasuwa.

Yaya ganye ya shiga dutse? Ganyen da ya faɗi a gona ba ya kai shekara, gara da rana da ƙwayoyin ruɓa sun cinye shi. Amma in ya faɗa cikin fadama mai kwantaccen ruwa, inda iska ba ta ratsawa, ruɓarsa ba ta cika ba. Ganye kan ganye, reshe kan reshe, sai su taru su zama wata irin baƙar ƙasa mai laushi wadda kusan dukkanta tsiro ne. Irin wannan tana nan tana taruwa har yau. A 2017 masana suka ba da labarin wata babbar fadama irin wannan a tsakiyar kurmin Kwango, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 140,000. Idan ƙasar wurin ta ci gaba da nutsewa a hankali, kogi ko teku ya kawo laka da yashi ya binne ta, sai nauyin da ke sama ya matse ruwan, zafin cikin ƙasa kuma ya gasa ta. Da farko takan zama kwal mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai taushi, mai hayaƙi. In binnewar ta yi zurfi ta daɗe sai ya yi baƙi ya yi tauri. Na ƙarshe shi ne mai ƙyalli, wanda kusan zallan gawayi ne. Mai toya gawayi a daji yana yin kwatankwacin haka cikin kwana biyu ko uku: ya tara itace, ya rufe da ƙasa don kada iska ta shiga, zafi ya kori ruwa da hayaƙi, gawayi ya saura. Bambancin shi ne a cikin ƙasa babu harshen wuta, zafi kaɗan ne da lokaci mai tsawo.

Tun a nan ma lissafi ya fara nuna tsawon zamanin. Irin waccan baƙar ƙasa tana ƙaruwa da kamar milimita 1 zuwa 3 a shekara. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne sai an matse kusan mita 10 nata kafin a samu mita 1 na kwal. Ku buga da kanku: mita 10 milimita 10,000 ne. Ke nan jijiya ɗaya mai kaurin mita guda ta ci tsakanin shekara dubu uku da dubu goma tana taruwa, tun kafin a zo maganar binnewa da gasuwa. Kuma akwai wuraren da jijiyoyin suka hau kan juna gomomi.

Waɗanne irin itatuwa ne?

Nan ne abin mamakin yake. A cikin tsofaffin duwatsun kwal ba a samun ko ɗaya daga cikin tsirran da muka sani. Babu gawo, babu kuka, babu dabino, babu gero ko dawa, babu ko ciyawa. Babu wani tsiro mai fure sam. Abin da ake samu a kwal ɗin Turai da Amurka ta Arewa wasu halittu ne da ba su da kama a dazukan yau.

Akwai wanda masana suka sa wa suna Lepidodendron, ma'anarsa da Girkanci itace mai ɓamɓaroki, domin ɓawonsa zane ne reras kamar fatar kifi ko ta maciji. Kowane ɗigo a zanen gurbin ganye ne da ya faɗi. Yakan kai tsawon mita 30 ko fiye, ya miƙe sambal, sai can ƙoli ya yi rassa. Duk da wannan girma ba ya ƴaƴa, da wata ƙura mai laushi yake yaɗuwa. Danginsa da suka rage a yau ƴan tsirrai ne da ba su wuce tafin hannu ba. Akwai Calamites, mai gaɓa-gaɓa kamar kara ko gora, cikinsa fanko, ganyensa a zagaye da kowace gaɓa. Akwai kuma masu ganye kamar gashin tsuntsu, irin tsiron nan na wurare masu laima da ake kira fujer a lakwal, Larabawa kuma su ce sarkhas. Wasu daga cikinsu sun ruɗi masana na tsawon lokaci, domin ganyensu na fujer ne amma daga baya aka same su ɗauke da iri, abin da fujer na yau ba ya yi.

Wani abin dariya shi ne da yake gutsattsari ake samu, sai aka riƙa ba saiwa suna daban, ɓawo suna daban, ganye suna daban, ana zaton halittu ne mabambanta. Saiwar Lepidodendron da danginsa har yau Stigmaria ake ce mata, ko da yake an daɗe da gane cewa gindin itacen ne. Ɗalibin Larabci ba zai yi mamaki ba, shi da ya san yadda Larabawa suka ba ɗan dabino suna daban a kowane mataki na nunarsa.

Saboda yawan kwal a duwatsun wannan zamani, wasu masana biyu na Ingila, Conybeare da Phillips, suka raɗa masa suna Karbonifa a 1822, wato mai ɗauke da gawayi. A lissafin yau ya fara kimanin shekara miliyan 359 da suka wuce, ya ƙare kimanin miliyan 299.

Kwal ɗinmu na Anu Araren daga kashin farko na wannan zamani yake. Tsirran da aka samu a duwatsun wannan yanki na yammacin Ayar sun ɗan bambanta da na Turai: dangin Lepidodendron ɗin ƙanana ne, kuma akwai wani ganye mai kama da mafici da ake kira Nothorhacopteris. To ga inda hankali zai tsaya. Wannan tarin tsirrai na Nijar an same shi kusan iri ɗaya a Peru da Boliviya da Barazil, da Indiya, da Ostareliya. Yau tekuna ne tsakanin waɗannan ƙasashe. Bayanin da masana suka bayar shi ne a wancan zamani duk a haɗe suke cikin babbar nahiya ɗaya da suke kira Gwanduwana, kuma yankinmu yana can kudu da inda yake yanzu, cikin yanayi mai ɗan sanyi da ruwa. Inda raƙumi ke neman inuwa a yau, fadama ce da bakin teku.

Wani ganyen ma ya fi wannan shahara a kan wannan batu. Sunansa Glossopteris, wato mai kama da harshe, wanda Bafaranshe Adolphe Brongniart ya siffanta a 1828. Shi na zamanin da ya biyo bayan Karbonifa ne, kuma daga gare shi kwal ɗin Afirka ta Kudu da Indiya da Ostareliya ya samu. A 1912 ayarin Kyaftin Scott na Ingila ya halaka cikin ƙanƙara a hanyar dawowa daga ƙarshen kudancin duniya. Da aka gano gawarwakinsu, sai aka tarar suna jan duwatsu kimanin kilo 16, kuma a cikinsu akwai wannan ganye. Ƙasar da babu itace ko ɗaya a cikinta yau ta taɓa zama daji.

Ta yaya aka san shekarun?

Wannan shi ne gundarin tambayar, kuma ɗalibin hadisi ya fi kowa saurin fahimtarsa. Malamanmu suna sanin zamanin mai ruwaya ta hanya biyu. Ta farko ilimin ɗabaƙa: wane ya ji daga wane, don haka wannan ya riga wancan, ko da ba a san shekarar haihuwar kowa ba. Ta biyu ilimin wafayat, wato shekarar rasuwa da lamba. Idan hanyoyin biyu suka dace, zuciya ta natsu. Idan wani ya ce ya ji daga malamin da ya rasu kafin a haife shi, an kama shi. Masana duwatsu su ma hanya biyu suke bi, har kalmar ma ɗaya ce, domin hawan dutse a Larabci ɗabaƙa ake ce masa.

Hanya ta farko jeri take bayarwa. Shimfiɗar da ke ƙasa ta riga ta sama, matuƙar wani abu bai kifar da su ba. A Turai ana jingina wannan ƙa'ida ga Steno, wanda ya rubuta ta a 1669. Sai wani mai awon ƙasa a Ingila, William Smith, wanda aikinsa ya haɗa shi da ramukan kwal da ginar magudanan jiragen ruwa, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin nata halittun da suka daskare, kuma jerinsu ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. A 1815 ya fitar da taswirar duwatsun ƙasarsa a kan wannan asasi. Tun daga nan ganye ya zama kamar hatimi. In ka ga Lepidodendron ka san ɗabaƙar da kake ciki. In ka ga Glossopteris ka san ka hau sama. In ka ga ganyen itace mai fure, ka san ka yi nisa da hawa, domin masu fure ba su bayyana a duwatsu ba sai kimanin shekara miliyan 130 da suka wuce.

A yau ma ba sai an samu ganye sukutum ba. Manomi ya san bununin gero, ƙurar nan da ke tashi daga zangarniya. Irin wannan ƙura ta tsirrai tana da ɓawo mai tsananin juriya, takan zauna cikin dutse ba ta lalace ba. Ana narkar da guntun dutse da ruwan asid, a duba abin da ya rage a madubin ƙara girma, a ga ɗaruruwan ƙwayoyi, kowane tsiro da siffar tasa.

Ga misali daga maƙwabta. A Inugu ta Nijeriya an gano kwal a 1909, kuma a 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal. A ido, baƙi ne kamar namu. Amma a cikin duwatsunsa akwai bununin tsirrai masu fure, har da dangin dabino da giginya, kuma babu Lepidodendron ko ɗaya. Shekarunsa kimanin miliyan 70 ne. Ke nan kwal ɗin Anu Araren ya girme shi da fiye da shekara miliyan 250. Haka kuma kututturan itatuwan da suka zama dutse a wajen Ingal, da ƙasusuwan dinozor na Gadufawa waɗanda ake nunawa a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, duk ƴan baya ne in an gwada da kwal ɗin, don na Gadufawa ba su wuce kimanin shekara miliyan 110 zuwa 115 ba.

Hanya ta biyu ita ke ba da lamba, kuma abin da ake amfani da shi ba baƙo ne gare mu ba: uraniyom ne, irin wanda ake haƙa a Arlit. Allah ya halicci wannan ƙarfe da wata ɗabi'a, a hankali yana rikiɗa ya koma dalma, kuma da gwargwado tsayayye wanda zafi ko sanyi ko nauyin ƙasa ba sa sauya shi. Ku ɗauka kuna da rumbu mai tiya 1,000 na gero, kuma an ƙaddara cewa duk bayan wani wa'adi rabin abin da ke ciki zai koma tsakuwa. Wa'adi ɗaya, saura 500. Na biyu, 250. Wanda ya buɗe rumbun ya auna gero ya auna tsakuwa zai iya faɗin tsawon lokacin da ya shuɗe, da sharaɗin babu tsakuwa a ciki tun farko kuma ba wanda ya ɗiba ko ya ƙara. Wa'adin uraniyom mai lamba 238 shekara miliyan 4,470 ne. A cikin shekara miliyan 300, kimanin kashi huɗu da rabi cikin ɗari ne kawai yake rikiɗa, kuma na'urorin yau suna auna wannan da kyau.

Saura sharaɗin. Akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai suna zirkon, bai kai ƙwayar yashi ba, wanda yake ƙulluwa a cikin narkakken dutse. Lokacin ƙulluwarsa yana karɓar uraniyom, amma ba ya karɓar dalma. Don haka dalmar da aka samu a cikinsa daga baya ta samu. Ga shi kuma da tauri, ba ya saurin zubar da abin da ke cikinsa. Bugu da ƙari uraniyom iri biyu ne a ciki, mai lamba 238 da mai lamba 235, na biyun wa'adinsa shekara miliyan 704, kowanne da irin dalmar da yake komawa. Shaidu biyu ke nan a kan magana ɗaya. In suka saɓa, an san wani abu ya taɓa dutsen, sai a ajiye sakamakon.

To ina zirkon ya haɗu da ganye? Ta hanyar tokar dutse mai aman wuta. Toka takan sauka a kan fadama a yini ɗaya ko ƴan kwanaki, ta bar siririn farin layi a tsakiyar kwal. A Wuda, cikin yankin Mongoliya ta Gida a ƙasar Sin, toka ta binne daji guda sukutum a cikin mahaƙar kwal, itatuwa da rassansu da ganyensu a inda suka tsaya. Awon tokar ya ba da kimanin shekara miliyan 298. Da irin wannan awo a wurare masu yawa aka sa wa kowace ɗabaƙa lambarta, sa'an nan duk inda aka ga tsirran wannan ɗabaƙa, ko babu toka a wurin, aka san zamaninsa. Abin da ya ƙarfafa al'amarin shi ne jerin ɗabaƙoƙin an tsara shi tun ƙarni na 19, kafin a gano wannan ɗabi'a ta uraniyom a 1896. Da awon ya zo, sai ya ba na ƙasa lamba babba, na sama ƙarama, yadda aka jera su tun farko.

Wani gyara ga ɗalibai: da yawa suna cewa da karbon 14 ake auna shekarun kwal. Ba haka ba ne. Wa'adin karbon 14 shekara 5,730 ne kacal, bayan kamar shekara 50,000 babu abin da ya rage da za a dogara da shi. Yana amfani ga tsohon ƙashi ko gawayin murhun mutanen da, amma kwal ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Sai kuma ɓangaren addini

Maganar shekara dubu bakwai tana cikin wasu littattafanmu na tarihi, wannan gaskiya ne. Imam Ɗabari ya kawo ta a farkon Tarihinsa, tare da wata ruwayar mai cewa dubu shida. Amma kawo magana daban, ingancinta daban. Ibnu Hazm a cikin Al-Fisal ya bayyana cewa Musulmi ba su da wani adadi yankakke na shekarun duniya, kuma babu abin da ya inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan haka. Ibnul Ƙayyim a Al-Manarul Munif ya lissafa hadisin dubu bakwai cikin na ƙarya, da hujjar cewa da ya inganta da kowa ya san lokacin tashin Alƙiyama, alhali Alƙur'ani ya keɓe saninsa ga Allah. Waɗannan malamai sun rayu ɗaruruwan shekaru kafin a san awon shekaru da zirkon, ba za a ce tsoron Turawa ya sa su faɗi haka ba. Asalin irin wannan lissafi daga Ahlul Kitabi yake, masu tara shekarun zuriyoyi. Wani limamin kirista a Ailan, Ussher, har shekara ya yanke a 1650, ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Rikicin da aka yi a Turai tsakanin coci da masana duwatsu a kan wannan lamba ya tashi. Mu ba mu da wannan lamba a Littafinmu, don me za mu ari faɗan da ba namu ba?

Kwanaki shida na halitta kuwa mun yi imani da su yadda suka zo. Sai dai tun magabata an yi saɓani kan tsawonsu. Ibnu Kasir a Al-Bidaya ya kawo ƙauli biyu: masu cewa kamar kwanakinmu ne, da masu cewa kowane yini kamar shekara dubu ne. Alƙur'ani da kansa ya ambaci yini mai gwargwadon shekara dubu a Suratul Hajji da Suratus Sajda, da mai gwargwadon dubu hamsin a Suratul Ma'arij. Sa'an nan, ko da an ɗauki ƙaulin farko, ayoyin suna magana ne a kan muddar halitta. Tsawon lokacin da ya shuɗe bayan halittar ƙasa kafin a saukar da Annabi Adam, babu nassin da ya ƙayyade shi. A duwatsun kwal babu ƙashin mutum ko kayan aikinsa, kuma wannan bai saɓa wa abin da muka sani ba na cewa ƙasa da tsirranta sun riga ɗan Adam.

Wasu kuma suna cewa ai Ɗufanar Annabi Nuhu ce ta tara itatuwan ta binne. Ɗufana gaskiya ce, amma babu aya ko hadisin da ya danganta kwal da ita, kuma dutsen da kansa bai goyi bayan haka ba. A ƙarƙashin jijiyoyin kwal da yawa ana samun tsohuwar ƙasa da saiwoyi a cikinta, sun bazu yadda saiwa ke bazuwa a inda ta tsiro. A Joggins, gaɓar teku a Kanada, ana ganin kututture a tsaye kan saiwarsu, daji a kan daji, hawa gomomi. Kowane daji sai da ya tsiro, ya girma, aka binne shi, sabuwar ƙasa ta samu, wani ya tsiro a kai. Ambaliya ɗaya ba ta yin haka.

Kada kuma a zaci duban duwatsu da wannan ido baƙon abu ne a Musulunci. Aya ta 20 a Suratul Ankabut umarni ce da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Albiruni, wanda aka haifa a 973 miladiyya, ya ga kwanson halittun ruwa a cikin duwatsun hamadar Larabawa ya ce wurin teku ne a da, kuma ya ce irin wannan sauyi yana buƙatar zamani mai tsawo. Ibnu Sina a Kitabus Shifa ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse hawa-hawa, da yadda dabba da tsiro ke daskarewa a ciki.

Amma akwai wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, kuma muna jan kunnen matasanmu masu wa'azi a WhatsApp. Za ka ji an ɗauko ayar Suratul A'ala mai maganar makiyaya da ta koma busasshiya baƙa, a ce wai kwal da man fetur ake nufi. Ko ayar ƙarshen Yasin mai maganar wuta daga ɗanyen itace. Malaman tafsiri sun fassara ta farko da ciyawar da ta bushe ta yi baƙi bayan tsanwarta, ta biyu kuma da itatuwan marakh da afar da Larabawa ke gogawa su ƙyasta wuta. Mutum ya tuna da waɗannan ayoyi in ya ga kwal yana ci, wannan tadabburi ne mai kyau. Amma ya yanke cewa ma'anar ayar ke nan, wannan faɗa ne a kan Allah ba da ilimi ba. Lambobin masana ma suna motsi kaɗan-kaɗan yayin da awo ke ƙara kyau, wanda ya ɗaure aya da lamba ya jefa kansa cikin wahala. Saboda haka ɗalibi ya rubuta miliyan 300 a takardar jarabawarsa hankali kwance. Ilimi ne na awo da bincike, kamar nisan Agadas da Yamai, ba rukunin imani ba ne, ba kuma warware imani ba ne.

Ga masu zuwa daji, makiyaya da direbobi da masu neman zinariya, waɗanda suka fi kowa cin karo da irin waɗannan duwatsu. Ba rubutun aljanu ba ne, ba magani ba ne, kada a daka a sha, kada a rataya wa yaro. Kada kuma a sayar wa baƙo ya fita da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya hukuncin ma'adinai yana hannun shugaba, kuma dokar ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Wanda ya ga ganye a dutse ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya ajiye wani abu kusa da shi, ko alƙalami ko makulli, don a gane girmansa, ya ɗauki hoton bangon da ya fito daga ciki, ya riƙe sunan wurin. In dutsen ya riga ya faɗo, ya lura da shimfiɗar da ta yi kama da shi a launi. Sa'an nan ya sanar da hukumar ma'adinai ta jiharsa ko sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Ganyen da aka ɗauke ba a san daga wace ɗabaƙa ya fito ba, matsayinsa a wurin masana kamar hadisin da aka yanke wa isnadi ne.

Wallahu a'alam.